Fatar akuyar Madawa a kantunan Turai: Wa ya san asalinta?

Fatun awakin da ake saye a kasuwannin Madawa, Buza da Keita a jihar Tahoua sukan tsallaka iyaka zuwa majemun Kano, daga nan wasu su wuce Italiya, inda suke zama jakunkuna da takalma masu tsada. Tun a hanya sunan makiyayi ke ɓacewa, riba ta tsaya hannun dillalai.

A watan Yulin 2024 Tarayyar Turai ta fara aiki da wata doka da za ta sa tufafi su ɗauki lambar da ake dubawa da wayar salula, mai nuna asalinsu. Idan tsarin ya kai ga kayan fata, duk fatar da ba a rubuta asalinta tun daga mahauta ba, tana iya rasa wannan kasuwa.