Allura da Zare: Sana'ar da Ta Bi Matan Falasɗinu Gudun Hijira

Kafin shekarar 1948, in mace ta shiga kasuwar Birnin Ƙudus, ba sai an tambaye ta garinsu ba, rigarta ta isa shaida. Matan Ramalla an san su da jan zare bisa farin yadi, na Baitalami kuwa da zaren alharini da na zinariya. Wannan ɗinkin ado na hannu shi Larabawa ke kira tatriz, kuma yarinya a gaban uwarta take koyonsa, tana tara kayan aurenta.

Da yaƙin 1948 ya ɓarke, Falasɗinawa kimanin 700,000 suka bar gidajensu, suka watsu zuwa Gaza, Jodan, Lebanon da Siriya. Gona ba ta ɗaukuwa a kai, amma sana'ar hannu ba ta da nauyi. Sai dai talaucin sansani ya sa mata da yawa suka ajiye allura, waɗansu ma suka sayar da rigunan aurensu don su ci abinci.

A 1950 hukumar UNRWA ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta buɗe wurin ɗinki mai suna Sulafa a Gaza. Sa'an nan a 1969 waɗansu matan Lebanon da na Falasɗinu suka kafa ƙungiyar Inaash a Beirut. Dabararsu ita ce a kai wa mace yadi da zare har sansani, ta yi aiki a ɗakinta tana kula da 'ya'yanta, a biya ta ladan abin da ta ɗinka, ƙungiya kuma ta nemo masu saye. Wannan ba ƙaramin taimako ba ne a Lebanon, inda doka ta hana Falasɗinawa shiga sana'o'i da dama.

Ban da abinci, ɗinkin ya riƙe musu tarihi. Lokacin boren 1987, sa'ad da Isra'ila ta haramta ɗaga tutar Falasɗinu, mata suka riƙa ɗinka launukanta a jikin rigunansu. A watan Disamba na 2021 UNESCO ta sa tatriz cikin jerin al'adun da duniya ta gada.

Amma fa yabo ba ya cika tukunya. Riga guda takan ci watanni a hannu, ga kuma na inji masu araha sun cika kasuwa. Bugu da ƙari, yaƙin da ya fara a Oktoba 2023 ya raba yawancin mutanen Gaza da muhallinsu, har da maɗinkan.

Saboda haka mai son taimaka wa waɗannan mata sai ya nemi aikin hannu na ainihi, ya biya kuɗin da ya dace da wahalarsa. Sadaka takan ƙare ran da aka ba da ita, ciniki kuwa shi ke sa uwa ta ga amfanin koya wa 'yarta.