Ranar da lissafin asusunmu ya ɓace a cikin kile

Ƴan uwa mata, bara saura kwana huɗu mu yi rabon asusu, sakatariyarmu ta ɗauki ƴar kile USB ta ƙungiya, wadda wasu ke kira filashi, ta je shagon buga takardu a kasuwa. A cikinta akwai lissafin shekara guda: zubin kowace mace, wadda ta ci bashi, wadda ta biya, da ribar da ta taru. Aka buga mata takardar gayyata, ta koma gida. Washegari aka soka kilen a kwamfutar ɗanta don a ƙarasa lissafi. Sunayen takardun suna nan, kowane da ƴar kibiya a gefe, amma lissafi ya ƙi fitowa.

Kun dai san halinmu. Kafin la'asar har an fara raɗa cewa da gangan ta ɓatar. Baiwar Allah ranar ko tuwo ba ta iya ci ba.

Wani malamin makaranta a unguwarmu ne ya warware mana. Ya ce kwamfutar shagon tana da birus, wato ƙwayar cutar kwamfuta, ɗan shiri da wani ya rubuta don ya riƙa kwafar kansa daga na'ura zuwa na'ura. Irin wanda ya kama mu ana ce masa rakursi. Yana ɓoye takardu na gaskiya, ya ajiye na bogi masu kibiya a gurbinsu. Da kin danna na bogin, cutar ta shiga kwamfutarki, duk kilen da aka soka bayan nan ita ma ta ɗauka.

Ashe abin ya daɗe. Tun 1986 wani birus mai suna Brain ya fito daga Pakistan, yana bin faifan da mutane ke ba juna aro. A 2010 aka gano Stuxnet, wanda ya lalata injunan tace uraniyom a Natanz ta ƙasar Iran. Kwamfutocin wurin ba a haɗe suke da intanet ba, ta kile cutar ta shiga. In ma'aikata mai sojoji a ƙofa ta kamu, ina ga shagon da mutum ɗari ke soka kile a yini?

Malamin ya kashe birus ɗin, ya umarci kwamfuta ta nuna abin da aka ɓoye, sai ga lissafinmu cif, ko dala ba ta yi ciwon kai ba. Ya ce da mun yarda an wanke kilen, kamar yadda wasu suka ba mu shawara, da mun share komai da hannunmu. A taro na gaba waɗanda suka yi zato suka nemi gafarar sakatariya a gaban kowa.

Daga nan muka kafa doka. Littafin asusu na takarda shi ne uwa, kile ƴar rakiya ce. Muna da kile biyu: ɗaya ta ajiya, tana cikin akwati tare da kuɗi, ba ta zuwa kasuwa, ɗaya ta aike, abin da za a buga kaɗai ake sa mata. In ta dawo, sai an bincike ta da maganin birus kafin a buɗe. In an ga kibiya a kan takarda, ba a dannawa.

Haka katin memori da muke kai wa masu tura waƙa da wa'azi. Birus ɗin Windows ba ya aiki a wayar Android, amma katin yana ɗauko shi ya kai wa kwamfutar gida. In kin jona waya a kwamfutar da ba ki sani ba, zaɓi caji kawai. Ku kuma tambayi mai kwamfutar da kuke aiki da ita wace Windows ce a ciki: Microsoft ya daina aiko wa Windows 7 gyaran tsaro tun Janairun 2020.

Akwatinmu kwaɗo uku gare shi, makullan a hannun mata uku, amma lissafin abin da ke ciki mun bar shi yana yawo a haɓar zane. A taronku na wannan mako, ku tambayi sakatariyarku kwafi nawa take da shi, kuma a ina yake.