Ciwon Hanji Mai Tafiya Yana Dawowa

Jama'a masu karatu, akwai wani ciwon ciki da ke damun mutane da yawa, maza da mata. Ciki ya kumbura, ya riƙa murɗa. Yau zawo, gobe kashi ya yi tauri. In mutum ya zaga, sau da yawa sai ya ji sauƙi. Bayan ƴan kwanaki ciwon ya dawo. Likitoci na kiransa kolopati. Ba ya kisa, ba a kuma ɗaukarsa daga wani. Amma yana hana noma da sana'a, yana cinye kuɗi wajen masu tallar magani.

Da farko a je asibitin unguwa ko Babban Asibitin Damagaram a auna kashi, domin atini da tsutsar ciki su ma suna murɗa ciki. In ba a sami kome ba, sai a dubi abinci.

Tun shekarar 2005 masana na jami'ar Monash ta ƙasar Ostareliya suka bayyana cewa wasu abinci ba su narkewa sosai a hanji. Suna jawo ruwa, su yi tsami, su tara iska. A cikin cimarmu akwai wake da ƙosai, albasa, tafarnuwa, burodi da taliyar alkama, madara, mangwaro da kankana. Barkono, maiƙo mai yawa, shayi mai kauri da lemon kwalba su ma suna tayar wa wasu da ciwon.

Amma abincin wani gubar wani. Kada a bar su duka har abada, jiki ya raunana. A ajiye su sati 2 zuwa 6. A riƙe tuwon hatsi ko na dawa, shinkafa, ƙwai, kifi, nama, karas, gwanda da lemu. Duk ana samunsu a kasuwar Dole. In ciki ya lafa, a maido abinci ɗaya, a jira kwana 3, sannan a gwada wani. A rubuta a littafi abin da aka ci da yadda ciki ya kwana. Wanda ya tayar da ciwon shi kaɗai za a rage.

A ci abinci kan lokaci, a tauna da kyau, a sha ruwa mai tsabta. Damuwa da rashin barci suna ƙara ciwon.

In an ga jini a kashi, ko rama, ko zazzaɓi, ko zawo mai tayar da mutum daga barci, ko ciwon ya faro bayan shekara 50, to, kada a tsaya gwajin abinci. A hanzarta zuwa wurin likita. Allah ya ƙara mana lafiya, amin.