Tukwicin Majinyaci: Abin Koyi Daga Kyaftin Tom Moore

Idan aka sallami majinyaci daga asibiti, likita yakan samu godiya, amma ba kasafai ake tuna nas ɗin da ta kwana a tsaye ba, balle mai tura gado da mai share ɗaki. Wani tsohon sojan Birtaniya, Kyaftin Tom Moore, ya tuna da su duka.

Ma'aikatan hukumar lafiya ta ƙasar, wato NHS, sun yi jinyarsa lokacin da ya karye a ƙugu a shekarar 2018, sun kuma yi masa maganin sankarar fata. Da annobar korona ta ɓarke a 2020, ma'aikatan nan suka shiga tsaka mai wuya, sai dattijon, yana da shekara 99, ya ɗauki alkawarin zagaya lambun gidansa sau 100, kowane zagaye mita 25, yana dafe da keken dogarawa, kafin ya cika shekara ɗari ranar 30 ga Afrilu. Burinsa ya tara musu gudummawar fam 1,000. Kafin a rufe asusun, mutum kusan miliyan ɗaya da rabi sun zuba fiye da fam miliyan 32. Hausawa suka ce yaba kyauta tukwici. Nasa tukwicin ya zarce yabo.

Ina kuɗin suka tafi? Ba aljihunsa suka shiga ba. Ta shafin JustGiving aka tara su, suka wuce kai tsaye ga NHS Charities Together, uwar ƙungiyoyin agajin asibitocin ƙasar. Da irin waɗannan kuɗi aka gyara wa ma'aikata ɗakunan hutu, aka samar musu masu ba da shawara kan damuwa da firgicin yawan ganin mace-mace. Albashi da magani kuwa suna nan a wuyan gwamnati, gudummawa ba ta sauke mata wannan nauyi.

Labarin yana da ɗaya gefen. Wata gidauniya dabam da aka kafa da sunansa ta faɗa cikin bincike bayan rasuwarsa a Fabrairun 2021, kuma a Nuwamban 2024 hukumar da ke sa ido kan ƙungiyoyin agaji ta bayyana cewa wasu danginsa sun ci moriyarta. Kuɗin farko sun tsira daga wannan zargi saboda tun asali hannun sananniyar ƙungiya suka shiga.

Don haka wanda Allah ya tashi kafaɗunsa yana son ya saka wa masu jinyarsa, ya fara tambayarsu abin da suka fi buƙata. In gudummawa zai tara, ya bi ta hukumar asibitin, ya faɗi adadin da yake nema, sannan ya sanar da masu bayarwa yadda aka kashe kowane kwabo. Amanar da aka riƙe yau ita ke sa jama'a su sake buɗe hannu gobe.