Wasan kati don taimakon yaron da karatu yake yi wa wuya

Akwai yaro mai wayo da kaifin baki, wanda idan kun aike shi kasuwa ba ya ɓatar da canji, amma a makaranta karatu ya gagare shi. Kada ku yi saurin kiransa daƙiƙi ko rago. Mai yiwuwa yana da matsalar da likitoci ke kira disleksiya. Wani likitan ido na ƙasar Jamus, Rudolf Berlin, ya yi bayani a kanta da wannan suna a shekarar 1887.

Mece ce disleksiya?

Wahala ce ta haɗa harafi da sautinsa. Ba ƙarancin hankali ba ce, ba kuma aikin iskoki ba. Sau da yawa gadonta ake yi. Tana shafar lissafi ma: yaron yakan sha wuya wajen karanta tambaya da haddace jadawalin sau. Sunayen lambobi na Faransanci suna ƙara masa nauyi, domin a harshen ana kiran 90 da "huɗu sau ashirin da goma". Kati yana rage wannan nauyi, saboda yaron yana ganin adadi da idonsa, yana taɓa shi da hannunsa, ba sai ya karanta jimla ba.

Yadda za ku yi katin

Ku yanka kwalin sukari ko na shayi gida 20, kowane kamar tafin hannu. A kan guda 10 ku rubuta lambobi daga 1 zuwa 10, manya-manya. Ku ja layi ƙarƙashin 6 da 9 don kada su rikice masa. A kan sauran 10 ku yi ɗigo, biyar-biyar a jere, yadda zai ga cewa 7 biyar ce da biyu. Wannan ba karta ba ce ta caca, kuma ba a sa kuɗi a ciki.

Wasanni huɗu

1. Nemo ɗan'uwa. Ku baje katin a tabarma. Yaro ya ɗauki mai ɗigo, ya ƙirga da yatsa, ya nemo lambarsa, ya faɗi sunanta da ƙarfi.

2. Cika goma. Ku cire katin 10 guda biyu. Kowa ya nemo kati biyu da za su haɗu su ba da goma: 1 da 9, 2 da 8, 3 da 7, 4 da 6, 5 da 5. Wanda ya san waɗannan da ka, tarawa da ɗebewa za su zo masa da sauƙi.

3. Babba ya ci. Kowa ya buɗe kati ɗaya, mai babbar lamba ya kwashe. Idan yaro ya ƙware, kowa ya buɗe biyu ya tara.

4. Cin kasuwa. Dala ɗaya tamma 5 ce. Idan ya buɗe 4, ku tambaye shi: dala 4 tamma nawa ce? Amsa ita ce 20. Ta haka zai koyi jadawalin 5 daga abin da ya riga ya sani.

Abin da za ku kiyaye

Minti 10 zuwa 15 kowace rana sun fi awa biyu a ranar kasuwa kaɗai. Kada ku gaggauta shi, kada ku dake shi, kada ku bari ƴan'uwansa su yi masa dariya. Ku bar shi ya ƙirga da tsakuwa ko ƙwayar gyaɗa idan yana so.

Wasan kati ba ya kawar da disleksiya. Yaron yana bukatar a koya masa sautin haruffa sannu a hankali, ana maimaitawa. Ku je ku yi magana da malaminsa, ku kuma kai shi gidan likita a duba idonsa da kunnensa, domin rashin gani ko rashin ji sosai ma yana hana karatu. Yaro da yawa sun bar makaranta don an ce ba su da kai, alhali wata hanyar koyarwa kawai suke bukata. Ku da kuke koyon karatu yanzu, ku zauna ku yi wasan tare da shi: ku duka za ku ƙaru.