Maƙerin Tankin Mai a Ƙasar Bakolori

Duk inda noman rani ya kafu, sai mai ya biyo shi. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan kogin Sakkwato a 1978, ƙasar Talata Mafara da Bakura da Maradun ta saba da ƙarar inji. Tarakta da injin casar shinkafa da injin niƙa gas suke sha, babura da ƙananan injinan ban ruwa kuwa fetur. A gari irin Janbako, ba kowace safiya mai inji zai tafi babban gidan mai ba, dole a samu wanda zai ajiye man kusa. Daga nan tankin da ake ɗorawa a kan ƙafafun ƙarfe ya samu kasuwa, mai walda da ke ƙera shi kuma ya samu abinci.

Mutane suna ɗaukar aikin tamkar haɗa ƙofa ko taga, alhali ba haka ba ne. Ƙofa in ta tsage a gyara ta gobe, tanki kuwa in ya yi yoyo dukiyar mutum ce take tsiyaya cikin ƙasa, wani lokacin har ta kai ga rijiyar maƙwabta. Shi ya sa gwani yake fara da zaɓen faifan ƙarfe mai kauri, ya kai a lanƙwasa, ya bi kowace mahaɗa da walda ciki da waje. Sannan ya gwada aikinsa da dabarar da yaran shago suke koya tun da wuri: a shafa jiƙaƙƙen alli a bayan mahaɗar, a bari ya bushe, a shafa kananzir ta ciki. Kananzir ba ya raina ƙofa, in akwai hujin da ido bai gani ba zai ɓullo ya ɓata farin allin. Bayan haka a cika tankin da ruwa, a bar shi ya kwana.

Amma kafin a yanka ƙarfe ko ɗaya, akwai tambayar da nake auna mai walda da ita. "Alhaji, me za ka zuba a ciki?" In aka ce gas ko kananzir, sai a ci gaba da ciniki. In aka ce fetur, mai tsoron Allah zai ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, wannan ba aikin tankin sama ba ne." Dalilin a bayyane yake. Gas ba ya fitar da tururin da zai kama wuta sai zafinsa ya haura digiri 50, kananzir kuwa wajen digiri 38. Shi fetur ko cikin ƙanƙara aka ajiye shi yana tururi, kuma tururin ya fi iska nauyi. Ba ya tashi sama, ƙasa yake bi, ya gangara kwata, ya isa murhun mai shayi ko mai tsire da ke can gefe. Wannan ne ya sa gidajen mai suke binne tankunan fetur. Abin da ya faru a Majiya ta jihar Jigawa a watan Oktoba na 2024, inda tankar fetur ta faɗi, wuta ta tashi ta ci mutane sama da 150, ya isa ya nuna abin da wannan tururi yake yi a fili.

Kafa tankin ma ilimi ne, kuma a nan ne ake yawan jayayya da mai kuɗi, domin duk abin da ke kare rai kamar ƙarin kashe kuɗi yake gani. Ana zuba dandamalin kankare, a kewaye shi da 'yar katanga wadda za ta iya riƙe duk abin da ke cikin tankin har da ƙarin kashi 10 cikin 100, ko da zai fashe. Ana sa bututun shan iska a sama, don kada tankin ya kumbura lokacin cikawa ko ya lotsa lokacin ɗiba. Ana ɗaura masa waya zuwa sandar jan ƙarfe da aka kafa cikin ƙasa, saboda tsawa a damina da kuma tartsatsin da gogayya ke haifarwa a bushewar hunturu. Fenti fari ko ruwan azurfa ake shafawa, ba baƙi ba. Kuma ba a cika shi har baki. A bazarar Zamfara, da zafi ke wuce digiri 40, gas lita 10,000 yana iya ƙaruwa da fiye da lita 100 in zafinsa ya tashi da digiri 15. Ina wannan ƙarin zai tafi in ba a bar masa wuri ba? A gefe kuma a ajiye bokitan yashi da tukunyar kashe gobara mai hoda, don ruwa ba ya kashe wutar mai, yaɗa ta yake yi.

Haɗarin da ya fi kusa da mai walda kansa shi ne tsohon tanki. Mutum zai kawo gangar tsohuwar tanka ya ce ai babu komai a ciki, a ɗan liƙe masa nan. Wanda babu komai a cikinsa ya fi cikakke haɗari, domin tururi da iska ne suka cika shi. Sai an wanke, an cika da ruwa, kafin a kusanto da wuta. Yaron da ubangidansa bai koya masa wannan ba, an cuce shi.

Sai maganar takarda. Dokar man fetur da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Agusta na 2021 ta rushe tsohuwar hukumar DPR, lasisin ajiya da sayar da mai ya koma hannun sabuwar hukumar NMDPRA. Ana neman izini kafin a kafa tanki, ba bayan an kafa ba, tare da shaidar mallakar fili, da amincewar hukumar tsara birane, da takardar 'yan kwana-kwana. Gaskiya ne zuwa Gusau neman takarda ya yi wa ɗan kasuwar ƙauye nisa, hanya kuma ba kullum take da aminci ba. Duk da haka, a Zamfara lasisi ya wuce batun gobara. A 2021 gwamnatin Bello Matawalle ta hana sayar da fetur a jarka don toshe wa 'yan bindiga hanyar samun mai, kuma har yau duk mai tara mai ba takarda yana jawo wa kansa zargin da ya fi tara muni.

Jami'in hukuma zai zo sau ɗaya ya duba ya tafi, mai walda kuwa shi ne ya san kaurin ƙarfen da inda aka rage aiki. Don haka kirana ga masu wannan sana'a daga Mafara zuwa Bakura da Maradun shi ne su haɗa baki: kada wanda ya kafa tanki babu katanga, babu bututun iska, babu waya zuwa ƙasa, ko nawa aka ba shi. Masu unguwanni da hakimai kuma su tambayi takarda kafin su bari a kafa tanki kusa da makaranta, masallaci ko kasuwa.