SANDAREWAR GWIWA BAYAN AIKIN SAUYA TA: BAYANI GA JAMA'AR ABAJI DA KEWAYE

Da yawa daga cikin dattawanmu suna fama da ciwon gwiwa, saboda guringuntsin da ke lulluɓe da bakin ƙashi ya zaizaye, har ƙashi yana gugar ƙashi. In ciwon ya gagari magani, likita yakan yi aikin fiɗa ya kankare wurin da ya lalace, ya sa gaɓa ta ƙarfe da roba a madadinsa. Wannan aiki ya kankama a duniya tun wajen 1970 zuwa 1975, yanzu kuwa ana yin sa a ƙasarmu, kamar a Asibitin Ƙashi na Dala a Kano da Asibitin Ƙasa na Abuja. Waɗansu kuma sukan tafi Indiya. Amma fa a sani, aikin likita rabin magani ne kawai. Sauran rabin yana hannun maras lafiya da iyalinsa bayan ya komo gida.

Abin da ke kawo sandarewa

Duk inda aka yanka jiki, da tabo yake warkewa. Tabon da ido ke gani a fata shi ne ƙarami. Akwai wani a can ciki, kewaye da sabuwar gaɓar. Da fari yana da taushi, yana miƙuwa in an motsa shi. In kuwa aka bar ƙafa a kwance saboda tsoron zafi, sai ya yi kauri ya yi tauri, ya ɗaure gaɓar tamkar igiya, har gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa, ko ta ƙi miƙewa sosai. Waɗanda abin ya fi samu su ne wanda gwiwarsa ta riga ta ƙage tun kafin aiki, da mai ciwon sukari, da mai shan taba, da wanda mikinsa ya harbu.

Likitoci suna auna lanƙwasar gwiwa da digiri. Ƙafar da ta miƙe sarai ita ce digiri 0. Tafiya a ƙasa tana bukatar kamar digiri 65, hawa da saukar matakala da tashi daga kujera kuwa wajen 90 zuwa 100. Tsuguno da zaman tahiya suna bukatar fiye da 130, abin da ba kowace sabuwar gwiwa ke kaiwa ba. Don haka wanda aka yi wa aiki ya yi sallarsa a kan kujera, a kuma tanadar masa makewayi na zaune.

Abin da ya kamata a yi a gida

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Makonni 12 na farko su ne lokacin da tabon ciki yake ɗanye, su ne kuma ke yanke hukuncin yadda gwiwar za ta kasance.

Na ɗaya, a riƙa yin motsin da ma'aikatan gashin ƙashi suka koyar, sau da yawa kowace rana: a kwanta a jawo diddige zuwa ga jiki, a zauna a bakin gado a lanƙwasa ƙafa, sa'an nan a miƙe ta a danne bayan gwiwa ƙasa.

Na biyu, a sha maganin rage zafi yadda likita ya rubuta, musamman kafin a fara motsin, domin zafi shi ne babban abin da ke hana mutum ƙoƙari.

Na uku, kada a sa matashi a ƙarƙashin gwiwa wajen kwanciya. A sa shi a ƙarƙashin diddige, don ƙafa ta saba da miƙewa.

Na huɗu, in akwai kumburi, a naɗe ƙanƙara cikin tsumma mai tsabta a ɗora minti 15 zuwa 20, a kuma ɗaga ƙafar sama.

Na biyar, kada a shafa kome a kan miki sai ya rufe sarai an cire zare, watau bayan kamar mako 2. Daga nan, da iznin likita, ana iya murza tabon fata a hankali da yatsa.

Abin da za a guje wa

Sabuwar gwiwa ba karaya ba ce, saboda haka ba aikin maɗori ba ne. Jan ta da ƙarfi yana iya karya ƙashi ko tsinka jijiya. Tsaga da ƙaho kuwa ƙofa suke buɗe wa ƙwayoyin cuta, in kuma suka kai ga ƙarfen, wani lokaci sai an cire shi ɗungum. Haka nan manomi kada ya yi gaggawar komawa huɗar doya ko hawan babur sai likita ya yarda.

Lokacin komawa wurin likita

In mako 6 ya cika gwiwa ba ta kai digiri 90 ba, watau mutum bai iya zama a kujera da tafin ƙafarsa a ƙasa daidai ƙarƙashin gwiwa ba, lalle ne a koma ba tare da jinkiri ba. Likita yana iya sa maras lafiya barci, ya lanƙwasa gwiwar a hankali da hannu har tabon ya saki, ba tare da yanka ba. Wannan dabara ta fi amfani kafin mako 12 ya wuce. Wanda ya makara, mai yiwuwa sai an shiga da ƙaramin madubi an yanke tabon, ko a buɗe gwiwar, ko ma a sake sauya gaɓar, ga tsada ga wahala.

Zazzaɓi, da jan miki mai zafi, da fitar mugunya, da kumburin sha-raɓa, da ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi, alamun haɗari ne. Wanda ya ga ɗaya daga cikinsu a kai shi asibiti a ranar.

Mazauna Abaji suna da Babban Asibitin Abaji kusa da su, ga kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja a Gwagwalada, inda akwai likitocin ƙashi da sashen gashin ƙashi. Wanda aka yi wa aiki a nesa ya karɓo takardun aikinsa, ya kuma nemi wanda zai ci gaba da duba shi tun makon da ya sauka. Kuɗin motar zuwa asibiti bai kai ko kusa da kuɗin aiki na biyu ba. Ana roƙon 'ya'ya da jikoki su tsaya wa iyayensu a kan wannan, su kuma karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba wannan bayani.